Windows a ciki, Linux a aljihu: yadda abin yake aiki da inda ake tuntuɓe

Wata Asabar bayan la'asar ɗan yayata ya yi sallama a gidanmu da ke Mabera a Sakkwato, jakar kwamfuta rataye a kafaɗa, gumi ya jiƙa masa riga. Ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, yana ajin ƙarshe. Ko ruwan da aka kawo masa bai taɓa ba, ya buɗe kwamfutar ya turo mini ita. "Kawu, kwamfutag ga ta ƙiya tashi, kuma furojet ɗina duk shina ciki." Na duba. Allo baƙi ƙirin, 'yan layukan Turanci a sama, a ƙarƙashinsu kalmar grub> da ɗan layi yana ƙiftawa.

Da na tambaye shi abin da ya yi mata, sai ya ce makonni biyu da suka wuce ya girka Linux a wata ma'adana ta waje da ake jonawa ta kafar USB, don kada ya taɓa Windows ɗin da ke ciki. Komai yana tafiya lafiya lau, har ranar da ya manto ma'adanar a ɗakinsu na makaranta. Ya kunna kwamfuta yana jiran Windows ta taso kamar kullum, sai ya ci karo da wannan baƙin allo. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ko harafi ɗaya bai ɓace masa ba. Hanyar da ya zaɓa ita ce nake ba kowane ɗalibi shawarar bi. Wuri ɗaya tak ya yi tuntuɓe, kuma wurin ne ke kayar da mutane da yawa, shi ya sa na ga ya kamata in warware maganar daga tushe.

Dalilan da ke sa yaranmu neman babbar manhaja ta biyu, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta baki ɗaya irin su Windows da Linux, a bayyane suke. Mai karatun kwamfuta ba makawa zai haɗu da Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a Finland a 1991, don ita ke riƙe da mafi yawan manyan kwamfutocin da intanet ke tsaye a kansu. Ga kuma wani sabon dalili: Microsoft ta dakatar da tallafin da take ba Windows 10 na bai-ɗaya ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma Windows 11 tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar Intel zubi na takwas zuwa sama, ko makamanciyarta. Da yawa daga cikin kwamfutocin tokumbo da ke hannun ɗalibanmu, irin su tsoffin HP EliteBook da Dell Latitude da ThinkPad, ba su kai nan ba, alhali ƙarfinsu bai ƙare ba. Sai dai kuma barin Windows gaba ɗaya ba ƙaramin abu ba ne ga wanda malaminsa ke jiran aiki a Word, ko mai neman na abinci da CorelDRAW, ko mai lissafin bincike da SPSS. Kwamfutar kuma guda ɗaya ce, da ƙyar aka haɗa kuɗinta. Yanka ma'adanar ciki gida biyu yana yiwuwa, an daɗe ana yi, amma kuskure ɗaya a wurin yankan yana iya tafiya da aikin shekara huɗu. Ajiye baƙuwar manhaja a waje ya fi kwanciyar rai.

Abin da ke faruwa cikin daƙiƙa uku na farko

Idan ka danna maɓallin kunnawa, ba Windows ce ke fara farkawa ba. Akwai wata 'yar manhaja da ke kwance a jikin babban allon cikin kwamfutar, wato motherboard, wadda masu gyara ke kira BIOS. A kwamfutocin da aka ƙera daga wajen 2012 zuwa yau, sabon tsari ne mai suna UEFI ke wannan aikin, ko da yake bakin mutane bai bar tsohon sunan ba. Aikinta shi ne ta duba kayan ciki, sannan ta nemo wanda za ta miƙa wa ragama.

A tsohon tsari, BIOS kan leƙa farkon ma'adana ta karanta bait 512 na farko, duk abin da ta tarar a can shi za ta bi. A sabon tsari an gina wa abin zaure. A farkon ma'adanar akwai wani ɗan ɓangare ƙarami, galibi daga megabait 100 zuwa 500, mai tsarin FAT32, ana ce masa ɓangaren EFI. Kowace babbar manhaja tana ajiye ɗan jagoranta a wannan zauren. Na Windows sunansa Windows Boot Manager, na yawancin nau'o'in Linux kuma GRUB. Ita UEFI tana da ɗan littafi a jikin allon cikin kwamfuta inda take rubuta sunayen 'yan jagoran nan bi da bi: wane za a fara kira, in bai amsa ba wa ke biye. Ma'adanar da ake cirewa kuwa an yi mata tanadi na musamman. In an jona ta, UEFI za ta duba ko tana da nata zauren, ta nemi wani fayil mai suna BOOTX64.EFI a cikin jakar EFI\BOOT. In ta same shi, za ta iya tayar da shi ko da sunansa ba ya cikin littafinta. Wannan tanadin ne ya sa filash ɗaya ke iya tashi a kwamfutoci daban-daban.

To ga abin da ya samu ɗan yayata. Ɗakunan Linux duk an gina su a ma'adanar waje, amma ɗan jagoranta, wato GRUB, an zaunar da shi a zauren ma'adanar ciki, kuma aka sa sunansa a saman littafin. Wasu manhajojin girkawa haka suke yi: zauren farko da suka gani nan suke sauke kaya, wani lokaci ko da mutum ya nuna musu wani wuri dabam. GRUB ɗin da ke zaure kuma rabin jiki ne, sauran bayanansa, har da jerin sunayen da zai nuna maka ka zaɓa, suna can cikin ɗakin Linux. Muddin ma'adanar waje na jone, ba wanda zai san da matsala. Ranar da aka cire ta, UEFI ta kira GRUB, GRUB ya waiwaya bai ga gidansa ba, sai ya tsaya cak. Windows tana nan lafiyarta ƙalau a bayan ƙofa, wanda aka ɗora a bakin ƙofar ne ya rasa hanya.

Na rubuta exit a gaban kalmar nan na danna Enter, sai ga tambarin Windows ya bayyana. Yaron ya sauke wata ajiyar zuciya da har yanzu nake tunawa. A kwamfutar da wannan bai yi aiki ba, sai a kashe a sake kunnawa ana danna maɓallin da ke fito da jerin zaɓi: a HP Esc ne sannan F9, a Dell da ThinkPad F12, a Asus galibi Esc. Daga nan a zaɓi Windows Boot Manager, in an shiga kuma a koma saitin UEFI a mayar da shi sama.

Hawa uku ne, kada a haɗa su

Masu cewa "na sa Linux a filash" ba abu ɗaya suke nufi ba. Hawa na farko shi ne na ɗanɗano. Ka sauko da fayil ɗin ISO, wato fayil ɗaya mai ɗauke da manhajar duka, na wani nau'in Linux kamar Ubuntu ko Linux Mint, ka rubuta shi a filash da manhajar Rufus ko balenaEtcher, ko ka kwafa shi cikin filash ɗin da aka shirya da Ventoy, wanda ke karɓar ISO da yawa a wuri ɗaya. Manhajar za ta tashi ta yi aiki daga filash da ƙwaƙwalwar wucin-gadi, ba ta rubuta komai a ma'adanar ciki sai in kai ka sa ta. Kana kashewa ta manta da duk abin da aka yi. Filash mai gigabait 8 ya isa. Ubuntu 24.04 ta kusa gigabait 6, Linux Mint ba ta kai 3 ba, kuma ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa wannan bambanci ne na gaske. Karɓa daga wurin aboki ba laifi, amma a gwada lambar SHA256 ta fayil ɗin, wato lambar shaidar da ke nuna ya iso cikakke, da wadda masu manhajar suka wallafa, don fayil ɗin da ya yanke a hanya yakan kai mutum tsakiyar aiki ya yashe shi.

Ni a ganina kowane mai kwamfuta ya kamata ya mallaki irin wannan filash ko da ba ya sha'awar Linux. Ranar da Windows ta ƙi tashi, da shi za ka shiga ka kwashe takardunka kafin wani ya ce maka sai an yi fomatin.

Hawa na biyu shi ne a ware wa wannan filash ɗin wani ɓangare da zai riƙa tuna abin da aka yi, kamar fayilolinka da kalmar sirrin wayafai da 'yan manhajojin da ka ƙara. Rufus yana da wurin ja a ƙayyade girman wannan ɓangaren. Yana da amfani na mako ɗaya ko biyu, amma gini ne a kan rairayi, manyan sabuntawa sukan rikita shi.

Hawa na uku shi ne cikakkiyar girkawa, inda Linux za ta zauna a ma'adanar waje kamar yadda za ta zauna a ta ciki, da sunanka da kalmar sirrinka da sabuntawarta. Wannan shi ne wanda ɗalibi mai niyyar koyo na haƙiƙa yake buƙata, kuma a nan ne zan daɗe.

Da farko, kada a yi shi a kan filash na kasuwa. An ƙera filash ne don a zuba masa fayil a kwashe, ita kuwa babbar manhaja ba ta daina ƙananan rubuce-rubuce daga kunnawa har kashewa. A irin wannan aikin filash mai araha yana rarrafe, yana zafi, kuma ƙwayoyin ajiyarsa suna da iyakar yawan rubutun da za su ɗauka kafin su mutu. Ga kuma jabu da suka cika gari, wanda aka rubuta masa gigabait 64 alhali cikinsa bai kai rabin haka ba, sai ya riƙa taka tsohon bayani da sabo ba tare da ya ce uffan ba. H2testw a Windows ko F3 a Linux suna tona asirin irinsu, ka gwada tun ranar da ka saya. Abin da ya dace shi ne SSD, wato ma'adana mai sauri irin wadda ake sa wa kwamfuta a ciki, ko da mai gigabait 128 ce, a sa ta cikin ɗan akwatin da ke mayar da ita ta USB. Ubuntu na neman aƙalla gigabait 25, saboda haka wurin ya wadata. A kula da kafar da za a jona: USB 2.0 iyakarta megabit 480 a daƙiƙa, USB 3.0 kuwa gigabit 5, fiye da ninki goma. Galibi mai shuɗin harshe ce, ko mai alamar SS a gefenta.

Zafin garinmu ma yana da ta cewa. A Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, 'yar siririyar SSD ɗin nan ta NVMe tana iya ɗaukar zafin da zai sa ta rage gudu da kanta in akwatinta na roba ne. Na fi son akwatin ƙarfe, ko kuma SSD mai faɗi ta SATA, wadda ba ta cika zafi ba kuma ta fi sauƙin kuɗi. Da hunturu kuma ƙura ce ke cika kafofin. Kafar da ta saki, wadda waya ke rawa a cikinta, ba ta da amfani a wannan aikin, domin yankewar ƙiftawar ido ɗaya ta isa ta daskarar da komai.

Sai babbar magana, wato yadda za a tabbatar baƙuwa ta zo da zaurenta. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a cire ma'adanar ciki gaba ɗaya kafin a fara. A yawancin tsoffin kwamfutocin ofis da muke saye, 'yan kusoshi ne ka kwance murfin ƙasa ka zare ta, kuma duk mai gyara zai yi maka cikin minti biyar. Abin da manhajar girkawa ba ta gani ba, ba za ta rubuta a kansa ba, kuma kai ma ba za ka yi kuskuren goge shi ba. Kana buƙatar abu biyu a jone: filash ɗin hawa na farko da za ka tashi daga gare shi, da SSD ɗin da za a girka a kanta. In ka gama ka mayar da ma'adanar ciki. GRUB ba zai san da zaman Windows ba, kuma hakan alheri ne. In kana son Linux ka jona ta ka danna F9 ko F12 ka zaɓa, in ba ka jona ba kwamfuta ta wuce Windows abinta.

Wasu sabbin kwamfutoci sirara an manne musu ma'adana a jikin allon ciki, ba ta ciruwa. A nan sai an yi da hankali. Daga cikin filash ɗin ɗanɗano a buɗe GParted, manhajar yanka ma'adana, a cire alamar esp, wadda ke nuna zaure ne, daga zauren ma'adanar ciki na ɗan lokaci, don manhajar girkawa ta ɗauka ba zaure ba ne. A yanka SSD ɗin waje da hannu a tsarin GPT: megabait 500 na FAT32 a matsayin zaurenta, sauran kuma ext4. Bayan an gama, kafin a sake kunna kwamfuta, a mayar da alamar inda take. Wanda ya manta wannan matakin na ƙarshe zai sha wahalar da bai kamata ba. Kuma a lura da sunaye, don Linux ba ta san C: da D: ba, sda da sdb da nvme0n1 take kira. Girman kowace ma'adana shi ne shaidarka, ka karanta shi sau biyu kafin ka danna komai. In ma manhajar ta ce ba ta ganin ma'adanar ciki saboda saitin RST na Intel, ka bar shi yadda yake. Ba ruwanka da ta ciki, kuma sauya wannan saitin kai tsaye yana iya hana Windows tashi.

Gwajin gaskiya guda biyu ne. Ka cire SSD ka kunna, Windows ta taso ba tambaya. Sannan ka kai SSD ɗin kwamfutar abokinka ka ga ko za ta tashi a can. In ta ci duka biyun, aiki ya yi.

Akwai abin da nake roƙon kowa ya yi tun kafin ya taɓa ko da saiti ɗaya, shi ne ya duba ko BitLocker na kunne. Wannan kulle ne da Windows ke yi wa ma'adana, kuma a kwamfutoci da yawa yana kunna kansa ba tare da mai ita ya lura ba. Yana sa ido kan yadda kwamfuta ta tashi. In ka kashe Secure Boot, wato saitin UEFI da ke hana manhajar da ba a amince da ita ba tashi, ko ka shiga Windows ta hannun GRUB, yana iya ɗauka ɓarawo ne, ya tsaya ya nemi mabuɗi mai lamba 48. Mabuɗin yakan kasance a asusun Microsoft na wanda ya fara saita kwamfutar. Ka yi tunanin wanda ya sayi tokumbo, ko wanda yaron shago ya buɗe masa asusu da imel ɗin da ba ya tunawa. Ba mai gyaran da zai iya fasa wannan kullen, sai dai a goge komai. Ka nemo lambar tun Windows na buɗe, ka rubuta ta a takarda ka adana, ka kuma kwafe muhimman fayilolinka zuwa wani wuri. Shi Secure Boot ɗin ma sau da yawa ba sai an kashe shi ba, don Ubuntu da Fedora da Debian duk suna tashi yana kunne. Batir kuma ya kasance a cike, in ya mutu a jira lokacin da ake da tabbacin wuta ko janareta, saboda ɗaukewar wuta a tsakiyar girkawa na nufin a koma farko.

Bayan an tare, akwai 'yan saɓani tsakanin maƙwabtan biyu. Wanda kowa ke fara gani shi ne agogo. Linux tana ajiye agogon cikin kwamfuta a kan lokacin duniya na UTC, Windows kuma tana ɗaukarsa a matsayin lokacin gari. Najeriya tana gaban UTC da awa ɗaya, don haka in ka fito daga Linux ka shiga Windows za ka tarar agogo ya koma baya da awa guda cif. Ladan na kiran azahar, kwamfuta na ce maka da saura. Umarni ɗaya ne maganinsa a Linux, timedatectl set-local-rtc 1, shi ke nan sun daidaita.

Na biyu ya fi haɗari. Tun daga Windows 8 akwai wani saiti mai suna Fast Startup, wanda ke sa in ka ce ta mutu ba ta mutuwa duka, sai ta yi dogon barci ta bar ma'adana a riƙe. Linux in ta tarar da haka takan ƙi yin rubutu a wurin, kuma gaskiyarta ne, don rubutu a kan ma'adanar da ke cikin wannan hali yana lalata fayiloli. In kana son ka riƙa ɗauko takardu daga ɓangaren Windows, ka kashe wannan saitin. Ni dai na fi son a ware wani yanki a SSD ɗin waje a tsarin exFAT, wanda dukansu biyu ke karantawa su rubuta, ya zama nan ne mahaɗarsu. Wayafai kuma in ya ƙi, kamar yadda wasu katunan Broadcom kan yi, ka jona wayarka da kebul ka ba kwamfutar intanet ta nan har ka sauko da direban, wato 'yar manhajar da ke sa katin aiki.

Abin da ke shiga aljihu yana iya faɗuwa daga aljihu, musamman ga mai hawa kabu-kabu daga Dundaye zuwa cikin gari kullum. Kalmar sirrin shiga Linux ba ta hana wanda ya tsinci SSD ɗinka ya jona ta a wata kwamfuta ya karanta komai. Lokacin girkawa akwai zaɓin kulle ma'adanar baki ɗaya da tsarin LUKS, ka karɓe shi, ka kuma riƙe kalmar da kyau don ita ma in ta ɓace ba ta da magani. Kada kuma a zare waya kwamfuta na kunne ko tana barci. A kashe ta tukuna, fitilar akwatin ta daina ƙiftawa.

Masu tambaya ko Windows ma za ta zauna a waje, e, tana yi. Microsoft ta taɓa fito da tsari mai suna Windows To Go a zamanin Windows 8, ta janye shi a 2020, amma Rufus har yanzu yana iya shirya irinsa. Sai dai tana da nauyi, kuma maganar lasisi na biye da ita duk inda ta je.

Ɗan yayata ya dawo Asabar ta gaba da SSD ɗinsa. Muka fara rubuta lambar BitLocker a bayan littafinsa, muka kwafe furojet ɗin a wurare biyu, sannan na miƙa masa sukundireba ya kwance murfin da hannunsa. Girkawar ba ta kai minti talatin ba. Da muka mayar da ma'adanar ciki, ya zare SSD ya kunna, Windows ta taso. Ya kashe, ya jona, ya danna F9, Linux ta taso. Sai ya ɗago ya ce, "Kawu, ara mini taka in gwada." Na tura masa tawa tsohuwar Dell, na ce masa a wannan F12 zai danna.